Ayarin Da Ba Shi Da Madugu

Tunda na dawo daga Riruwai ba ku bar ni na huta ba. A bakin masallaci tambaya, a teburin mai shayi tambaya, har wurin zaman makoki sai da wani ya matso kusa da kunnena ya ce, "Sale, ya garin duwatsu?" Na gaji da maimaitawa. Kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har jiya na ji wai aljanin ruwa na je na ɗauko a duro. To ga shi a rubuce. A aji biyu na sakandare na bar boko, wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa, ban tambaye shi ba.

Saboda waɗanda ba 'yan garinmu ba, bari in fara da dalili. Akwai ƙorama a bayan ƙauyenmu, nan ƙasar Bebeji, wadda rarar ruwan Tiga ke zubowa cikinta rani da damina. Daga kwalbati zuwa gindin giginya gurbin gidanmu ne. A nan mahaifina ya yi su har ya rasu, a nan na koya. Yau shekara goma ke nan kifi yana ja da baya a wurin, har ta kai in jefa ragar birgi sau ashirin ban fito da na miya ba. Sau uku ina samo kifi mai rai, manya-manya, ina bin ƙoramar ina sakin ɗaya nan, biyu can, don kowanne ya samu wurin sakewa. Kwana uku, babu ko ɗaya. Wasu mu tsince su can ƙasa, ciki sama.

Sai Alhaji Tanimu, mai gonar tumatir da ke gefen ƙoramar, ya kai magana gaban mai unguwa. Ya ce ruwan da ba kifi asararsa ake yi, a bar shi ya datse da buhunan yashi ya juya shi cikin gonaki. Aka kira ni.

"Sale, ka ji abin da Alhaji ya ce," in ji mai unguwa.

"Na ji, ranka ya daɗe. Gurbin ubana ne."

"Ubanka kifi ya kama a ciki," in ji Alhaji Tanimu. "Kai me kake kamawa? Kwaɗo?"

Aka yi dariya. Na ga waɗanda suka yi, kuma da yawansu su ne ke bina yanzu da tambayar labari.

Mai unguwa ya yanke magana. In kawo kifi ranar Asabar in zuba a gaban shaidu. Bayan kwana bakwai in jefa birgi a gaban shaidun. In an fito da kifi, gurbi ya tsaya. In ba a fito ba, a datse.

Ni a ganina ruwan ne ya yi ƙarfi, kifin da nake samowa kuma ragwaye ne. Mahaifina in ya hangi kifayen kawara sun jeru suna fuskantar ruwa, yakan nuna na gaba da baki ya ce, "Ga madugu can." Duk masuntan garinmu haka muke faɗa, ayarin kifi da madugunsa a gaba, shi ne ƙaƙƙarfan, shi ke jan sauran. Na ce to, ni madugai zalla zan nemo. Wani mai busasshen kifi ya taɓa gaya mini rafukan Riruwai daga kan dutse suke gangarowa a guje, ya kuma ba ni sunan wani tsohon masunci a can, Baba Yohanna. Na ɗauki duron roba, da homar kwasar kifi, da bokiti huɗu, na fita ranar Litinin da sassafe.

Ɗan acaɓa ne ya kai ni Kwanar Dangora, duro a ɗaure a bayana, iska tana kaɗa shi kamar za ta ɗaga mu sama. Kwanar Dangora kun san ta, gari ne da ba wanda ya zo don ya zauna. Kowa ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a mota. Na sha shayi da burodi a tsaye. Motoci uku suka ƙi ni saboda duro. Ta huɗu wata tsohuwar bas ce, direbanta ya dube ni ya dubi duron ya ce, "Dattijo, kai da amaryarka za ku zauna ko a sama za a ɗaure ta?" Na ce a ɗaure ta, shi kuma ya ɗaure bakinsa.

A mota na faɗa kusa da wani tsohon Bafulatani mai hanyar Burumburum. Ya ga homa a hannuna ya janye rigarsa, kamar homar ce za ta shafa masa ƙarni. Amma tsoho da son jin zance, kafin mu yi nisa ya tatse ni tas. Da na gama ya girgiza kai.

"Mu in za mu ƙetare kogi da shanu, ba ma sa maraƙi shi kaɗai," in ji shi. "A jikin uwarsa yake bi, ta gefen da ruwa ya riga ya daki uwar."

"Baffa, maganar kifi nake ba ta saniya ba. Kai da ko warinsa ba ka so, me ka sani a kai?"

"Ban san kifi ba, na san ruwa. Kaɗo sai taurin kai."

Na juya masa ƙeya har Tudun Wada. Ya sauka yana dariya, ya ce Allah Ya ba ni sa'a ni da amaryata.

A Tudun Wada motar ta yi zafi ta mutu. Direba ya ari bokitina ɗaya don ɗebo ruwa, ya dawo mini da shi a fashe, ko sannu babu. Bakanike ya ce sai gobe. Fasinjoji suka watse cikin wasu motoci, ni duro ya riƙe ni. Wani mai injin casar shinkafa ya ba ni wurin kwana a shagonsa, Allah Ya saka masa, amma na tashi da safe ƙaiƙayi ya cika mini jiki kamar na yi birgima a masussuka. Mutanen Tudun Wada ba su da zance sai shinkafa. Shinkafa da wake na ci da rana, shinkafa da miya da yamma, da safe aka kawo mini waina, ita ma ta shinkafa. Na tambayi mai abincin ko akwai kifi, ta ce akwai, ta buɗe kwano ta nuna mini na ƙanƙara, irin wanda ake kawowa daga teku a kwali. Kogi na bayan garinsu, su kuma suna cin gawar da ta ƙetare duniya.

Talata da hantsi muka tashi. A bakin dajin Falgore akwai shinge, nan ne iyakar ƙasar da na sani. Wani mai sanda ya zagaya motar ya ƙwanƙwasa durona.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne. Na kifi ne."

Ya sa aka kwance, ya leƙa. "Ina kifin?"

"Shi zan je ɗaukowa a Riruwai."

"Daga ina kake?"

"Gefen Tiga."

Ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ga wani. Ya baro Tiga, inda ruwa yake, zai hau dutse neman kifi." Suka yi ta dariya har da dukan cinya, mota cike da mutane tana jira a rana. Na miƙa duron aka mayar aka ɗaure. Mutum mai sanda a bakin daji ba abokin musu ba ne.

Cikin dajin direba bai ɗaga ƙafa daga totur ba, kowa yana motsa baki da addu'a. Da muka fita sai gonakin masara da rake, sai duwatsu suka fara tasowa gaba. A Doguwa na canja zuwa a-kori-kura, na zauna a kan buhunan taki ni da wasu mata biyu da akuya. Akuyar ta cinye igiyar homata kafin mu isa.

Riruwai gari ne da aka haƙe cikinsa aka tafi aka bar shi. Ko'ina ramukan kuza cike da koren ruwa, da tsofaffin gidajen ma'aikata da rufinsu ya yi tsatsa. Mutanen garin tarin-tarin ne, kowa kakansa daga wani wuri ya zo haƙa. Za ka ji mutum yana Hausa da kai, ya juya ya yi wa matarsa wani yare. Gaisuwarsu gajeruwa ce. Na durƙusa zan jero wa wani dattijo gaisuwa irin tamu, ina gajiya, ina iyali, ya amsa biyu ya ce, "Wa kake nema?"

Baba Yohanna tsoho ne siriri, haƙoransa na gaba babu. Da na faɗi wanda ya aiko ni ya ce, "To ɗan Kano, shigo." Na ce masa nan ma ai jihar Kano ce. Ya ce a takarda. Kirista ne, ban taɓa kwana a gidan Kirista ba, na shiga ina ɗari-ɗari. Kafin in ajiye jaka ya kawo mini buta da sabuwar tabarma, ya nuna mini alƙibla da sandarsa, ya ce kazar da za a dafa ni zan yanka da hannuna. Ba ni da abin cewa a kan wannan, kuma kun san ni, da akwai da na faɗa. Tuwon masara aka yi da miyar wani ganye mai ɗaci da ban san sunansa ba. Sanyin garin kuwa, bargo biyu aka ba ni na tashi ƙashina na ciwo.

Laraba da safe muka gangara rafi. Ruwa garai-garai, yana gudu tsakanin duwatsu, ƙararsa kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ga kawara nan jere-jere, sun fuskanci ruwa sun tsaya cak kamar an rataye su. Zuciyata ta yi sanyi. Na naɗe wando na shiga da homa, na dinga auna na gaba ina kwashewa. In na ɗauke shi ayarin ya watse, ya sake haɗuwa, in sake ɗauke na gaba. Kafin rana ta take na tara bakwai, na raba su a bokitai.

Baba Yohanna yana zaune a kan dutse yana kallona. "Ɗan Kano, me ya sa sai na gaba?"

"Shi ne madugu."

"Madugu?" Ya bushe da dariya har da tari. "Ajiye homar. Zo ka zauna nan. Ka ga wancan mai yagaggen bindi? Shi ne a gaba ko? To kar ka ɗauke ido daga kansa."

Na zuba masa ido. Ban kai ga ƙirga ɗari ba sai na ga ya saki jiki, ruwa ya zame da shi baya, ya shige tsakiya. Wani ɗan ƙarami, wanda ko kallon biyu ba zan yi masa ba, ya maye gurbin. Can shi ma ya ja baya, wani ya fito. Na zauna a kan dutsen nan har ƙafata ta yi tsami, na ga gaba ya canja hannu ya fi sau goma. Shekarata hamsin da ɗaya, arba'in daga ciki a bakin ruwa, ban taɓa zama na kalli kifi ɗaya har na minti biyar ba. Mu muna hango su sai mu jefa.

"Wannan na nan garin ne," na ce. "Namu suna da madugu."

"Zo mu je wurin Malama ta gaya maka," in ji shi. "Ita har gilashi take sa su."

Can sama kaɗan, ƙarƙashin wata rumfar tampol, akwai wata mata da ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Malama Hajara, daga wata jami'a, wata biyu ke nan tana aiki a rafin. A gabanta akwai dogon akwatin gilashi a rufe, cike da ruwa, da ɗan inji mai aiki da hasken rana yana tura ruwan yana zagayawa. Kifi in an sa shi ciki dole ya yi ta iyo yana fuskantar ruwa, ba ya gaba ba ya baya. Akwai wata waya da aka tsoma ciki, ta ce ita ke auna iskar da ke cikin ruwan, wadda kifi ke shaƙa. In kifi yana wahala zai ja iska da yawa, kamar mutumin da ke haki, sai lambar da ke jikin na'urar ta yi ta sauka da sauri.

Ta gaishe ni da ladabi, Baba Yohanna ya kwashe labarina ya faɗa mata, har da madugai. Ba ta yi dariya ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

"Baba, kawo wanda ka fi yarda da shi," in ji ta tana dubana.

Na zaɓo mafi girma. Ta sa shi ciki shi kaɗai, ta bar shi ya natsu, sannan ta ƙara gudun ruwa. Ya fara kaɗa bindi da sauri da sauri, kunnuwansa na buɗewa suna rufewa. Ta zura wasu sanduna a bakin mashigar ruwan don ya hargitse, ya zama kamar na ƙorama ba kamar na famfo ba. Nan madugun nawa ya fara tangaɗi, ruwa ya buga shi hagu ya buga shi dama. Ba a daɗe ba ya je ya manne a ragar da ke ƙarshen akwatin, ya kwanta. Ta kashe inji. Ruwa ya tsaya, amma shi bai daina haki ba, har muka ci gyaɗa muka gama yana yi.

"Ka gani, Baba," in ji ta, "ba lokacin gudun kaɗai yake biya ba. Bayan an gama ma jikinsa na ci gaba da jan iska don ya mayar da abin da ya ƙone."

Da la'asar, bayan ya huta, ta mayar da shi tare da wasu tara, tarkace, waɗanda ta kwaso ba zaɓe. Gudun ruwa ɗaya, sanduna ɗaya. Suka haɗe wuri guda, kowanne ɗan baya da gefen ɗan'uwansa. Na matso na sa ido a kan nawa. Bindinsa a hankali yake kaɗawa, kamar mai fifita bayan ya ƙoshi. Lokacin da ya kwanta ɗazu ya zo ya wuce, ya ninka, yana nan tsaye.

Ta yi mini bayani, ni ma ga yadda na fahimta. Duk kifin da ya kaɗa bindi yana barin ɗan juyin ruwa a bayansa. Na bayan in ya tsaya daidai wurin, sai ya jingina da juyin nan, ƙarfin da ɗan'uwansa ya zubar shi ya tsinta. Sannan taron nasu yana fasa hargitsin ruwan, na tsakiya ba ya shan bugun da zai sha shi kaɗai. Ta ce har na gaba ma yana samun ɗan sauƙi daga na bayansa, amma shi ya fi kowa biya, shi ya sa ba mai daɗewa a wurin. Ta ce akwai abin da su ma ba su gama ganewa ba tukuna. Na tuna yadda 'yan acaɓa ke manne wa bayan tirela a hanyar Zariya, mashin na tafiya ba a murɗa masa mai sosai.

"Wato na gaba ba sarki ba ne," na ce.

"Wanda layi ya zo kansa ne, Baba."

Raina ya ɓaci, ban san da wa ba. Sau uku ina ɗaukar kifi ina rarraba su ɗaya-ɗaya a ruwa mai gudu, ina cewa na yi musu gata. Ashe kashe su nake da hannuna.

Kuma ba a gama da ni ba. Ta ɗauki wani dutse kamar dunƙulen hannu ta sa a cikin gilashin. Nan take kifi uku suka zame suka shige bayansa. Ko iyo ba sa yi, jikinsu kawai ke lanƙwasa, ruwan da ya kewayo dutsen shi ke riƙe da su.

"Ko ayari ne sai ya samu wurin hutawa," in ji ta. "Ƙoramarku akwai duwatsu?"

Baba Yohanna ya ce su a nan al'adarsu ce, duk wanda ya ci kifin rafi, kafin ya bar bakin ruwa sai ya gyara dutse ɗaya, ya mirgina shi ya mayar inda damina ta ture shi. Ya ce bai san dalili ba, haka ya taras.

Malama ta sake tambayata. Na ce babu.

Ku da kuke garin kun san dalili, amma bari in rubuta da hannuna. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, lokacin da za a sa harsashin sabon masallaci, aka rasa kuɗin sayen dutse. Ni na ce ga su can a ƙoramata, ba abin da suke yi sai yaga mini raga. Sati uku muna fitar da su da amalanke, har sai da ƙasan ƙoramar ya yi sumul kamar daɓen ɗaki. Ranar buɗe masallaci aka kira sunana a lasifika aka sa mini albarka. Ba na nadamar masallaci, Allah Ya karɓa. Amma mutum ɗari suka ga ana kwashe duwatsun nan, da masunta da masu boko, ba wanda ya ce Sale tsaya. Ni ma ban ce wa kaina ba. Shekara goma ina zagin masu sakin ruwa, ina zagin masu feshin gona, ina zagin kifi da ragwanci.

Alhamis muka zagaye ayari ɗaya da raga, gaba ɗayansa, manya da ƙanana, muka juye a duro. Madugaina na mayar da su ciki, suka ɓace a taro, ban ƙara gane su ba. Malama ta ce kar in cika duron da kifi, kar in rufe bakinsa, kuma in riƙa ɗiban ruwan da kofi ina zubowa daga sama don iska ta shiga. Kafin in bar bakin rafin Baba Yohanna ya tsaya yana kallona. Na gane. Na koma na mirgina dutse ɗaya.

Dawowa ta fi tafiya wuya. A-kori-kura na samu mai ɗaukar masara har Kwanar Dangora. Ina tsaye a baya, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya da kofi, ɗiba, zuba, ɗiba, zuba. Duk ramin da muka faɗa ruwa ya watso mini a fuska. Sau biyu na roƙi direba ya tsaya a bakin rafi na canja rabin ruwan, yana ta ƙunƙuni. A shingen daji mai sandan nan ya gane ni. Ya leƙa duro ya ce, "Lallai ka samo. A ɗan ɗebo na suya mana." Na ce masa in ya taɓa ɗaya sai dai ya haɗa da ni ya soya. Ya ga idona, ya ɗaga shinge. Na iso gida da kafaɗa kamar an sare ta. Shida suka mutu a hanya. Sauran na ajiye su a inuwa, ranar Juma'a ma ban yi nisa da kofin ba.

Asabar da hantsi gari ya taru a kwalbati. Na yi niyyar kawo duwatsu kafin lokacin, amma wa zai riƙe kofi? Mai unguwa ya ce tunda abin na gari ne, a ba kowane dattijo kwano ya ɗiba, ya je bakin gonarsa ya saka da bismillah, albarka ta game ko'ina. Har an fara miƙo kwanuka.

"Ranka ya daɗe, ba za a raba su ba."

"Sale, dattawa ne fa."

"Ko su waye. Wuri ɗaya za su shiga."

Aka fara salati, wani ya ce tafiya ta ƙara mini rashin kunya. Ban saurara ba. Na tura duron har bakin ruwa, na shiga zuwa gwiwa, na yi bismillah na kifar da shi gaba ɗaya.

Ruwa ya kwashe su. Na ce shi ke nan. Sai can ƙasa kaɗan suka juyo, suka haɗe, suka fuskanci ruwa. Amma ƙasa sumul, ba abin fakewa, ina ganinsu ruwa na cin su taƙi-taƙi zuwa baya. Ina tsaye ban motsa ba, ban san abin yi ba. Sai na ji abu na taɓa mini ƙwauri. Na duba. Sun hauro sun jeru a bayan ƙafafuna, inda ruwa ya karye.

"Fito mana, an gama," in ji mai unguwa.

"Ba zan fito ba, ranka ya daɗe. Ni ne dutsen."

"Ya haukace," in ji Alhaji Tanimu. Amma ya matso ya leƙa, kuma ya daɗe yana leƙen.

Na tsaya a wurin daga hantsi har aka kira azahar. Ƙafafuna suka mutu, ƙugu ya riƙe. Mutane suna zazzaune a kan kwalbati suna cin rake suna tofar da ɓawo, wani har da ɗaukata a waya. Na ce a miƙo mini dutse ko ɗaya ne, kowa ya dubi na kusa da shi. Da aka yi kiran sallah suka kakkaɓe riga suka tafi. Ni ma sallar tana kaina. Na jawo duron da ke bakin ruwa, na cika shi da yashi da hannuna ina tsaye, na kwantar da shi daidai inda ƙafata take, sannan na zare jiki a hankali. Kifayen suka koma bayansa. Na je na yi sallah rigata na ɗiga.

Kwana bakwai ɗin nan ni kaɗai na yi ta turo amalanke daga tsohon ramin da ake fasa dutse. Na sa dutse ashirin da uku a ƙoramar. Ranar alkawari na jefa birgi sau ɗaya a bayan duro, na fito da kawara goma sha huɗu, na nuna wa mai unguwa na mayar da su ruwa tare. Alhaji Tanimu ya ce kifin Riruwai ne ba na ƙoramar ba. Mai unguwa ya ce a bar datsewa sai bayan damina, in sun hayayyafa gurbi ya tsaya har abada, in ba su yi ba a sake zama.

Daga kwalbati zuwa giginya taku ɗari uku ne, dutse ashirin da uku bai rufe ko kwata ba, kuma likita ya ce ƙuguna ba na ɗaukar kaya ba ne yanzu. Akwai wasu manya guda biyar a bakin ramin da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa. Gobe bayan asuba amalanke na ƙofar gidana. Mutum uku nake nema. Kun ji labari kyauta, a zo a ɗauki dutse.